Yawan ƙwayar CMV da irinta a jikin jariri: abin da lambar gwaji take nunawa

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin jarirai. Muna da jariri ɗan kwana 10, cikinsa ya cika, nauyinsa kilo 3, a ido lafiyarsa ƙalau, sai dai kunnensa na hagu bai amsa gwajin ji ba. Gwajin PCR na miyau, wanda yake neman DNA ɗin ƙwayar cuta, ya nuna ƙwayar CMV, wato saitomegalobairos. Da aka sake dubawa, fitsari ya ba da 6,500,000 a kowace mililita, jini kuma 3,100. Miliyoyin nan sun firgita iyayen. An kuma ce musu idan sun ƙara kuɗi za a gano musu irin ƙwayar. Shin wannan yawan yana nufin zai kurumce? Gwajin irin kuma ya cancanci a biya masa kuɗi?

Amsa: Malama, fara da kwantar wa iyayen hankali a kan miliyan shida da rabin ɗin nan. Ƙwayar CMV tana zama a ƙoda da kuma wuraren da miyau yake fitowa, daga can take tsiyaya, shi ya sa jaririn da ya kamu tun yana ciki yakan fitar da ita a fitsari da miyau daga dubu ɗari zuwa miliyan ɗari a mililita ɗaya, ko yana da alamar ciwo ko ba shi da ita. Zai kuma ci gaba da fitar da ita har shekaru. Amfanin wannan lamba shi ne ta tabbatar cewa kamuwar gaske ce, kuma tunda an ɗauki fitsarin a kwana na 10, tun a ciki ya kamu. Game da kunnensa ba ta ce komai ba. Lambar jini ta fi kusa da batun da kike tambaya, amma ita ma nauyinta bai kai yadda ake ɗora mata ba. Gwajin iri kuwa, a ajiye kuɗin, akwai inda za su fi amfani.

CMV 'yar gidan ƙwayoyin hapis ce, dangin wadda take kawo ƙaranbau, kuma da zarar ta shiga jiki ta zauna ke nan har abada. A ƙasashe masu arziki jariri ɗaya cikin 200 ne ake haifa da ita. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi abin ya kai ninki uku na haka. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga Gambiya ya sami kashi 5.4 cikin ɗari, wani ƙarami da aka yi a Legas aka wallafa a 2015 ya sami jarirai 10 cikin 263. Cikin waɗanda aka haifa da ita, 85 zuwa 90 cikin ɗari ba sa nuna komai ranar haihuwa. A cikin waɗannan masu kama da lafiya, kusan ɗaya cikin goma yakan sami raunin ji. A cikin masu alamomi kuwa, kusan ɗaya cikin uku. Duk ƙoƙarin da ake yi a kan yawan ƙwayar da irinta, neman hanyar gane wannan ɗaya cikin goman ne tun da wuri.

Kafin a karanta lamba sai an tambayi ranar da aka ɗauki samfurin. Iyakar ita ce kwana 21 da haihuwa. Bayan nan jariri na iya ɗaukar ƙwayar daga hanyar haihuwa ko daga nono, kuma fitsarinsa zai nuna ta da yawa ba tare da an iya bambance shi da wanda ya kamu a ciki ba. Bambancin kuwa babba ne, domin kamuwar bayan haihuwa ba ta kurumtar da jaririn da cikinsa ya cika. Wannan iyaka tana cin karo da yadda jego yake tafiya a wurinmu: uwar da ba za ta dawo asibiti ba sai ta yi arba'in, ko sai allurar rigakafin mako shida, ta riga ta wuce lokacin. Don haka duk jaririn da ake zargi, a ɗauki samfurinsa kafin sallama, ko ranar da aka kawo shi allurar BCG.

Miyau ya fi sauƙin ɗauka. Ana sa tsinken auduga tsakanin kunci da dasashi har ya jiƙe, a bar shi ya bushe ko a tsoma shi a ruwan ajiya. Matsalarsa nono ce. Mafi yawan matan da suka taɓa kamuwa suna fitar da ƙwayar a nononsu, kuma ragowar nono a bakin jariri yana iya sa gwaji ya ce akwai alhali babu. Shi ya sa ake jira aƙalla awa ɗaya bayan shayarwa, kuma duk miyan da ya nuna ƙwayar sai an tabbatar da fitsari. A nan ne yawan ƙwayar yake da amfani na zahiri: miyan jaririn da ya kamu da gaske yakan ba da miliyoyi, na gurɓacewar nono kuma 'yan ɗaruruwa. A wani bincike na Faransa a kan jarirai fiye da 11,000, kusan huɗu cikin goma na miyan da ya nuna ƙwayar fitsari bai tabbatar da su ba, kuma galibinsu masu ƙaramar lamba ne. Jini kuwa bai dace da gano cutar ba, domin akwai jarirai masu kamuwa ta gaske da ba a ganin komai a jininsu. Gwajin sinadaran garkuwa na jini, IgG da IgM, shi ma bai dace ba: IgG na jariri garkuwar uwarsa yake nunawa, IgM kuma yana kuskure masu cutar da yawa. Jinin da za a auna yawan ƙwayar a cikinsa a zuba shi a kwalbar EDTA mai murfi shunayya, ban da ta hefarin, don hefarin yana hana PCR aiki.

Sai lambar jinin, 3,100. Tambaya ta farko: 3,100 na mene ne? Wasu ɗakunan gwaji suna rubuta kwafi, wato adadin DNA ɗin ƙwayar, a mililita, wasu suna rubuta IU, wato ma'aunin ƙasa da ƙasa, a mililita. A 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'auni na bai ɗaya don a daidaita sakamako, an yi shi da wani irin CMV da ake kira Merlin, kuma daga nan IU ta samo asali. Ya rage saɓani amma bai kawar da shi ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne DNA ɗin ƙwayar da yake yawo a ruwan jini a gutsuttsure yake. Gwajin da yake neman ɗan gajeren yanki zai kama gutsattsari da yawa ya ba da babbar lamba, wanda yake neman dogon yanki zai kama kaɗan, alhali kwalba ɗaya aka raba musu. Tambaya ta biyu: cikakken jini aka auna ko ruwansa kaɗai bayan an tace ƙwayoyin jini? Cikakken jini yakan fi, wani lokaci har ninki goma, saboda ƙwayar tana cikin fararen ƙwayoyin jini. Takardar da ba ta faɗi waɗannan biyun ba, a koma a tambaya.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi idan aka maimaita gwajin. PCR yana da tangarɗar kansa, kuma canjin da bai kai ninki uku ba ba a ɗaukarsa canji. Idan mako mai zuwa aka sami 5,000 ko 1,800 a wannan jariri, babu abin da ya hau ko ya sauka. A ƙananan lambobi ma sai an ga ninki biyar. Kuma kwatanta sakamakon ɗakin gwaji ɗaya da na wani, ko na cikakken jini da na ruwansa, ɓata lokaci ne.

Yanzu ga ainihin tambayarki. Idan aka tara jarirai aka raba su gida biyu, masu alamomi da marasa alamomi, matsakaicin yawan ƙwayar a jinin masu alamomi ya fi girma. Wannan an gan shi sau da yawa. Amma lambobin gidajen biyu suna shiga cikin juna sosai, ta yadda idan aka miƙo miki takardar jariri ɗaya ba za ki iya cewa ga gidan da yake ba. An yi ta neman layin da zai raba su. A Boloniya ta Italiya, a 2006, an sa layin a kwafi 1,000 cikin fararen ƙwayoyin jini dubu ɗari. A Bamingham ta jihar Alabama a Amurka, a 2009, an gwada 3,500 a mililita. Wani binciken Italiya na 2015, a kan jarirai talatin da 'yan kai, ya kawo 12,000 ga nakasa gaba ɗaya da 17,000 ga raunin ji. Layi uku ke nan, da ma'auni daban-daban, daga ɗakunan gwajin da ba a daidaita su da juna ba.

Na Alabama ya cancanci a tsaya a kansa, tunda 3,100 ɗin jaririnku tana dab da layinsa. A jarirai marasa alamomi da ba su kai wata biyu ba, waɗanda lambarsu ba ta wuce 3,500 ba, kusan 94 cikin ɗari jinsu ya tsira. A ji wannan kaɗai sai a ce albishir. To amma waɗanda suka haura layin, kusan 8 cikin ɗari ne kawai suka sami raunin ji, wato 92 sun tsira. Shida cikin ɗari a ƙasa da layi, takwas cikin ɗari a samansa: wannan tazarar ba ta isa a canza wa jariri komai a kanta ba. Abin da za a iya cewa da gaskiya shi ne, jaririn da ba a ga ƙwayar a jininsa ba ko aka ga 'yar kaɗan, kuma ba shi da wata alama, haɗarinsa ya ragu, amma ba a sallame shi daga gwajin ji ba. Wanda kuma lambarsa ta haura dubu ɗari a jini, a sake duba shi da kyau, don sau da yawa akwai alamar da aka tsallake.

Dalilin raunin hasashen ba boyayye ba ne. Lambar ranar haihuwa tana nuna abin da ƙwayar take yi a makon nan, ɓarnar kuwa tun watanni aka yi ta. Idan uwa ta kamu karon farko a watanni ukun farko na ciki, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ƙwayar take ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi, amma a lokacin ne ake gina ƙwaƙwalwa da cikin kunne, kuma kusan duk nakasa mai tsanani daga wannan zangon take fitowa. Idan a watanni ukun ƙarshe ta kamu, ratsawar ta fi yawa, ta kai kusan biyu cikin uku, amma nakasa ba kasafai ba. Jaririn ƙarshen ciki yana iya zuwa duniya da ƙwaya fal a jini don kamuwarsa sabuwa ce, ya tashi lafiya lau. Na farkon ciki yana iya zuwa da 'yar kaɗan, alhali an riga an taɓa kunnen. Ƙari a kan haka, cikin kunne rufaffen wuri ne, jinin hannu ba ya ba da labarin abin da ke gudana a can, kuma wani ɓangare na ɓarnar kumburin da garkuwar jiki ta tayar ne yake yin sa.

Abin da ya fi lambar faɗin gaskiya shi ne jikin jaririn. A auna kewayen kansa a ɗora a kan jadawali. A duba fata ko akwai ɗige-ɗigen jini, a taɓa ciki a ji hanta da saifa, a duba shawara mai sa fitsari duhu. A ƙirga jini, musamman ƙwayoyin da suke sa jini ya daskare, ko sun gaza 100,000. A auna sinadaran hanta. A yi sikanin ƙwaƙwalwa ta maɗiga, a nemi ɗigon alli a gefen ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, ko faɗaɗar ramukan, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa. Inda aka ga wani abu ko ake da hali, a yi MRI. Likitan ido ya leƙa bayan ido. Kunnen hagun nan kuma a yi masa cikakken gwajin ABR mai auna amsar jijiyar ji, domin gwajin farko na ɗakin haihuwa yakan faɗi saboda ruwa ko datti a kunne kawai. Ƙaramin kai da sikanin da ya nuna taɓuwar ƙwaƙwalwa sun fi kowace lambar PCR hasashen abin da zai biyo baya.

Mu koma kan iri. Kundin gadon CMV shi ne mafi girma a cikin ƙwayoyin hapis na ɗan Adam, harafi kusan 235,000, da ƙwayoyin gado fiye da 160. Mafi yawansa kusan iri ɗaya ne a ko'ina, amma akwai wurare warwatse da suke zuwa da siffofi daban-daban. Wanda aka fi dubawa shi ne gB, furotin ɗin da ƙwayar take shiga ƙwayar jikin mutum da shi. Tun 1991 aka raba shi iri huɗu, daga baya aka ƙara na biyar. Sai gH mai iri biyu, gN mai manyan iri huɗu da rassansu, gO mai takwas, UL144 mai manya uku, da UL146 mai har goma sha huɗu. Gwajin da aka yi wa iyayen tayi kusan tabbas gB zai duba, ya dawo da amsa kamar gB1 ko gB3.

An shafe fiye da shekara ashirin ana neman wanda ya fi mugunta a cikinsu. A 2002 wani bincike a Amurka ya danganta UL144 na A da C da mummunan sakamako. Wani a Faransa bai ga haka ba. A Italiya an danganta gN4 da alamomi da nakasa, aka ce gN1 da gN3a sun fi sauƙi. Da aka duba jariran Alabama, ba a ga alaƙa tsakanin kowane iri da alamomi ko raunin ji ba. A gB ma haka zancen yake, kowane iri an same shi a jariran da suka nakasa da waɗanda suka tashi lafiya. Duk irin da aka sani yana ratsa mabiyiya. Babu wata ƙa'idar jinya da ta ce a fara magani, ko a ƙi farawa, ko a tsawaita shi, saboda irin ƙwayar.

Dalilan wannan saɓani suna da amfani a sani, don su ne suke nuna cewa gwajin ba zai iya amsa tambayar iyayen ba. CMV tana yawan musayar sassa. Idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, sukan yi musanyen yankunan kundin gadonsu, kuma an daɗe ana haka har sassan sun cakuɗe. Ƙwayar da ke jikin jaririnku kamar motar da bakanike ya harhaɗa ce, inji daga wannan, giya daga waccan. Sanin sunan da ke jikin taya ba zai gaya miki injin da ke ciki ba. Ƙwayoyi biyu masu gB1 suna iya bambanta a gN da gO da UL146 da sauran wurare da dama. Sannan jariri ɗaya yana iya ɗauke da fiye da iri ɗaya. Binciken Alabama na 2011 ya sami haka a fiye da kashi ɗaya cikin uku na jariran da aka duba tun makonninsu na farko, kuma a wasunsu irin da ke fitsari daban yake da na jini ko na miyau. To wanne ne yake cikin kunne? Babu mai ɗaukar samfuri daga can. Ga kuma ƙarancin jarirai a yawancin binciken: idan aka duba ƙwayoyin gado shida masu iri da yawa a jarirai arba'in, dole wata alaƙa ta faɗo ta hanyar dace kawai, kuma ita ce za a wallafa.

A 2011, da aka fara karanta kundin gadon gaba ɗaya daga fitsarin jarirai uku, an ga bambanci mai yawa a cikin jiki ɗaya har aka zaci CMV tana rikiɗa da sauri kamar ƙwayoyin RNA irin su HIV. Aikin da aka yi a Landan aka wallafa a 2019 ya nuna cewa mafi yawan wannan bambanci daga haɗuwar iri biyu ko fiye yake. Inda iri ɗaya ne, ƙwayar tana nan daram ba ta cika canzawa ba. Wani tarko kuma shi ne rainon ƙwayar a ɗakin gwaji kafin a karanta ta. Cikin 'yan zagaye kaɗan takan lalata sassan gadonta da ake kira RL13 da yankin UL128, kuma tsohuwar ƙwayar gwaji AD169 ta zubar da wani yanki mai harafi kusan 15,000. Duk binciken da ba daga samfurin jariri kai tsaye ya karanta ba, a karɓe shi da taka-tsantsan.

Wannan ba ya nufin bambancin iri ba shi da tasiri. Yana da shi a wurare uku, sai dai ba ta hanyar da aka tallata wa iyayen ba.

Babba a cikinsu ya shafe mu kai tsaye. A Afirka ta Yamma kusan kowace mace ta riga ta kamu da CMV kafin aure, galibi tun tana goye. Da an ɗauka wannan ya kare 'ya'yanta. A 2001 aka nuna a Alabama cewa matan da suke da tsohuwar garkuwa amma suka haifi jarirai masu cutar, yawancinsu sun sami sabuwar garkuwa ga wani irin gH da ba su da ita a da, wato wani iri ne ya sake kama su. An ga irin haka a Barazil, inda kusan kowa yake da tsohuwar garkuwa amma ana haifar kusan jariri ɗaya cikin ɗari da cutar. A Kenya da Zambiya an sami iri da yawa a nonon mata masu HIV. Ma'anar wannan a aikace: IgG ɗin uwa da ya nuna ta taɓa kamuwa ba takardar tsira ba ce, kuma raunin ji a jariran irin waɗannan iyaye bai fi sauƙi ba. Mai ciki ta wanke hannu da sabulu bayan ta canza wa yaro kunzugu ko ta share masa majina, kada ta ci ragowar abincinsa ko ta sa cokalinsa a baki, kada ta sumbace shi a leɓe, ko da gwaji ya ce tana da garkuwa. Yaran da ba su kai shekara uku ba su ne babbar hanyar. Har yau babu allurar rigakafi mai lasisi; wadda aka yi da gB aka wallafa sakamakon gwajinta a 2009 rabin kariya ta bayar.

Na biyu a ɗakin gwaji yake. PCR yana aiki ne da 'yan guntayen DNA da aka ƙera su manne wa wani wuri a kundin ƙwayar. Idan wurin yana cikin yanki mai canzawa, kamar wasu sassan gB, irin da harafinsa ɗaya ko biyu ya saɓa ba zai mannu da kyau ba, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya ko gwajin ya ce babu. Jaririn da alamominsa suke ihun CMV amma gwaji ya ce babu, a sake da fitsari, da gwajin da yake neman wani yanki daban ko yankuna biyu a lokaci ɗaya.

Na uku shi ne bijire wa magani, wanda sai an bi ta kan maganin kansa. Maganin shi ne balgansaikulobiya na sha, miligiram 16 ga kowane kilo, sau biyu a rana. Ruwan maganin yana da miligiram 50 a mililita, don haka jariri mai kilo 3 zai sha miligiram 48, wato mililita 0.96 a kowane sha. Bayan an haɗa shi a firiji ake ajiye shi, kuma ba ya wuce kwana 49. Gwajin da aka wallafa a 2015 ya kwatanta wata shida da mako shida a jarirai 96 masu alamomi: a wata 24, kunnuwan da suka gyaru ko suka tsaya lafiya sun kai 77 cikin ɗari a masu wata shida, 64 a masu mako shida. Riba ce matsakaiciya. Ana ba da wata shida ga wanda cutar ta taɓa ƙwaƙwalwa ko ido ko ta yi tsanani, kuma a fara cikin watan farko. Ga jaririn da raunin ji ne kaɗai alamarsa, wanda wataƙila shi ne naku idan ABR ya tabbatar, ƙa'idar Turai ta 2024 ta ba da shawarar mako shida. Wanda ba shi da alama kuma jinsa lafiya ba a ba shi, komai girman lambarsa. Maganin yana rage fararen ƙwayoyin jini na nutrofil a kusan ɗaya cikin biyar, don haka ana ƙirga su kowane mako a makonni shidan farko, sannan a mako na takwas, sannan wata-wata. Idan sun sauka ƙasa da 500 a dakata har su haura 750. Inda ba za a iya wannan ƙirga ba, bai kamata a fara ba.

Da an fara magani lambar jini takan sauka, da an daina kuma takan dawo. Wannan dawowar abin da ake tsammani ne, ba dalilin sake farawa ko tsawaitawa ba, kuma shi ya sa ba a bukatar auna ta a kai a kai. Idan kuwa ta hau fiye da ninki uku ana cikin shan magani, kafin a ce bijirewa a duba abu mafi kusa. Jaririn da aka rubuta wa mililita 0.96 yana kilo 3, ya kai kilo 4.5 ba a gyara ba, miligiram 11 kacal yake samu a kilo maimakon 16. Kasonsa ya kamata ya koma mililita 1.44. A tambayi uwa ko yana amayar da shi, ko kwalbar ta kwana a zafi don ɗaukewar wuta. Sai an kawar da waɗannan, kuma jikin jaririn yana ƙara lalacewa, sannan a nemi karanta sashen gadon ƙwayar da ake kira UL97, inda canje-canje irin su M460V da A594V da L595S suke hana maganin aiki, da kuma UL54. Wannan ne kaɗai gwajin gado da yake canza jinya a jariri mai CMV, ba kasafai ake bukatarsa ba, kuma ba shi ne gwajin gB ba.

Ga jaririnku, kuɗin ya tafi ga ABR a cikin makon nan, da sikanin ƙwaƙwalwa, da ƙirgar jini da gwajin hanta, da duba ido, don a yanke shawarar magani kafin ya cika wata ɗaya. Ko me aka samu, gwajin ji zai ci gaba: kowane wata uku zuwa shida har shekara uku, sannan shekara-shekara har ya kai shida. Raunin ji na CMV yana iya ɓullowa bayan shekara biyu ko uku, yana iya hawa da sauka, kuma wanda ya fara da kunne ɗaya yana iya tsallakawa ɗayan, don haka kunnen daman da ya amsa yau shi ne abin tsaro. A babban binciken Amurka na jarirai kusan dubu ɗari, gwajin ji na ɗakin haihuwa ya tsallake 43 cikin ɗari na masu raunin ji na CMV a farkon rayuwa. A gaya wa iyaye su lura da ko yana firgita da ƙara, ko yana juyowa ga murya a wata shida, da kuma jinkirin zama da tafiya, don ƙwayar tana taɓa sashen daidaita tsayuwa da ke cikin kunne. Idan raunin ya tabbata a sa masa na'urar ji kafin wata shida. Uwa ta ci gaba da shayarwa. Taka-tsantsan da nono na bakwainin da bai kai mako 32 ko giram 1,500 ba ne. Ba a keɓe shi daga sauran jarirai, safar hannu da wanke hannu sun wadatar, har ga ma'aikaciya mai ciki.